Katakon Ƙarƙashin Ƙafar Mama

Har yau in na ga mota tana ƙyalli a titin Funtua, abin da ke fara zuwa raina shi ne in buɗe ƙofa, in ɗaga tabarmar ƙasanta in ga abin da aka ɓoye. Mutane na cewa na cika mita, kuma na yarda. Amma duk wanda ya ga abin da na gani a hanyar Gozaki ba zai ƙara yarda da fenti ba.

Motar ta Baba ce, tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, wadda ya saya a hannun wani ma'aikacin gidan gurzar auduga da zai koma garinsu. Baba mai bishara ne, amma rabin rayuwarsa a gona ya yi ta, a ƙauyenmu da ke can bayan Gozaki, inda kwalta ba ta taɓa leƙawa ba. Motar nan ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki wanda maciji ya sara. Abin da ta fi ɗauka kuwa shi ne takin zamani. Kowace damina sai Baba ya loda buhuna har rufi, nasa da na maƙwabta, Kirista da Musulmi, ba ya tambaya. Shi kuwa takin zamani ba sa ga-maciji da ƙarfe. Ƙwaya kaɗan ta zube, laima ta taɓa ta, shi ke nan ta fara ci. Shekara da shekaru taki na cin daɓen motar ta sama, laka na cinsa ta ƙasa, ba wanda ya kula.

Da Baba ya rasu, Mama ta dawo wajena a Funtua, inda nake koyarwa a firamare, motar ma ta biyo ta. Mu biyu ne a wajen Mama. Ni ce auta, sai Yaya, ɗan fari, wanda ke aiki a Abuja yana leƙo mu sau biyu a shekara. Ni ke tuƙa motar, ni ke yi mata juyen baƙin mai, ni ke tura ta in batir ya mutu. Duk da haka ba tawa ba ce. Motar gida ce, kuma a gidanmu abin gida bakin babba ake jira.

Wata rana muna dawowa daga kasuwa na lura Mama ta ɗage ƙafafunta, ta tokare dugaduganta a gefe da gefe, ga ta kuwa da ciwon gwiwa. Na ce, “Mama, lafiya kika zauna haka?”

Ta ce, “Ƙasan nan hwa motsi yake yi, Auta.”

Da muka isa gida na ɗaga tabarmar robar. Ƙarfen ya koma ja, yana ɓarewa falle-falle. Na danna makulli, makulli ya wuce, na hango ƙasar tsakar gidana ta cikin mota. Da na tambayi Mama tun yaushe take jin haka, sai ta ce tun damina. Wato wata huɗu tsohuwa tana riƙe da ƙafafunta a sama don kada ta dame ni. Ranar na samo katakon wani tsohon benci, na sa aka yanke shi daidai wurin, na shimfiɗa ƙarƙashin tabarmar. Na gaya wa Yaya a waya, ya ce za a duba. Shekara biyu katakon nan yana riƙe da ƙafar Mama, ba a duba ba.

Ita Mama abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, ranar Godiyar kaka a cocin ƙauyenmu. Tun da aka kawo ta gidan Baba ba ta taɓa fashi ba. Tana da 'yar fadama da dangi ke noma mata, kuma daga shinkafar farko take cire baikonta, wato sadakar godiyar da take kai wa coci. Da hannunta take sheƙewa, ta zauna kwana da kwanaki tana tsince tsakuwa, ta ƙulle a rabin buhu. Baikonta ba ya shiga bayan mota da na kowa. A gabanta yake zama, tsakanin ƙafafunta, har ƙofar coci. Ga kabarin Baba nan bayan cocin, in an tashi sai ta je ta tsaya, ta gaya masa yadda damina ta kasance. Duk shekara wannan tafiyar take jira.

A shekarar da nake magana an gama rufin sabon ginin cocin, aka gayyaci 'yan ƙauye da ke birane, aka ce Yaya ne babban baƙo. Saura kwana goma sha biyu sai ga shi ya iso, kuma kafin ya sha ruwa ya ce a kai motar Baba gyara, a cikinta zai shiga ƙauye. Har cikin raina na yi murna. Na ɗauka hankali ne ya zo.

Muka kai ta wajen mai gyaran jikin mota, wani dattijo da kowa ke ce wa Malam, wanda tun zamanin Baba shi ke duba ta. Malam ba ya yarda da ido. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana kasa kunne. Ya ce gindin ƙofofin ya ruɓe, madugadin gaba biyu, ƙarafan da ke rufe saman tayoyi, sun yi ƙuraje, amma duk wannan muni ne kawai, ba ya kashe mutum. Sannan ya cire katakona, ya ɗauki sukundireba ya soka a daɓen. Ya soka a gaba ya wuce, ya soka a baya ya wuce. Ya miƙe yana karkaɗe hannu.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ciwon motar nan a ƙasa yake. Sai an yanke daɓen duka, a sa ƙarfe mai kauri, a bi shi da walda. Ga fallen nan a jingine, irinsa ake so. Aikin mako ne.”

Yaya ya ce, “Ƙofofin fa, da fenti?”

“Su ma aikin mako ne, ban da bushewa. Kafin Lahadin da kuke so, ɗaya za a zaɓa. In na ce zan yi duka na yi maka ƙarya.”

Na ce, “To ai magana ta ƙare. A yi daɓen.”

Yaya ko kallona bai yi ba. Ya ce mu je shagon kayan mota mu ga kaya tukuna.

Mai shagon haifaffen Funtua ne, iyayensa daga kudu suka zo, kuma Hausarsa ta fi ta Yaya da Abuja ta gurɓata. Ya fito mana da ƙofofi da madugadi iri biyu. Akwai na Kwatano, waɗanda aka ciro daga jikin wata motar, masu nauyi, sai dai da tsohon fentinsu da 'yar lotsawa nan da can. Akwai kuma sababbi fil a cikin leda, sumul, ba tabo ko ɗaya. Mai shago ya sa babban yatsa ya danna sabon madugadi, ƙarfen ya lotsa ya dawo da ƙara kamar murfin gwangwanin madara. Ya ce, “Oga, gaskiya wannan na ganin ido ne. In ni ne, na Kwatano zan ɗauka.” Da ya ji batun daɓen kuwa sai ya juyo wajena ya ce, “Malama, ku fara da ƙasa. Kayan nan ba gudu za su yi ba, in kun dawo kuna samunsu.”

Ku ji fa. Mutumin da ya buɗe shago don ya sayar, shi ke cewa kada a saya. Yaya ya yi 'yar dariyar nan tasa ta manyan ma'aikata ya ce, “Wa zai kwanta ƙarƙashin mota a harabar coci? Abin da mutane za su gani shi ne ƙofa. Ɗaure min sababbin.”

Na ce, “Yaya, Mama ce ke zama a wurin.”

Ya ce, “Shekara nawa tana zama, me ya same ta? Ke dai, Auta, kin cika tsoro.”

Ban yi masa tsawa a gaban mutane ba, don ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Na ce a raina akwai mai iya tsayar da shi da kalma ɗaya. Muna isa gida na wuce wajen Mama.

Sai dai Mama mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba, “wancan” take cewa. Ba ta kallon idonsa, ba ta aikensa, ba ta yi masa faɗa. In tana da magana sai ta ba ni in kai, ko da yana zaune taku uku daga inda take. Bishara ta shigo gidanmu ta canza abubuwa da yawa, amma wannan ba ta taɓa shi ba. Na same ta a bakin ƙofa da faifai a cinya tana tsintar shinkafar baiko, na zayyana mata komai.

Ta ce, “Ki gaya ma wancan, ƙahwata a nan take zama.”

Na ce, “Mama, ga shi can a tsakar gida. Don Allah yau ɗaya ki faɗa masa da bakinki.”

Ta ce, “Ke, mi kike so in zama da tsuhwana? Je ki gaya mashi.”

Na je na gaya masa. Ya ajiye wayarsa ya ce, “Mama ce ta faɗa, ko ke kika ƙulla? In ita ce, ai ga ta nan.” Sai ya ɗaga murya ya ce, “Mama, akwai magana ne?”

Mama ta sunkuyar da kai a kan faifai. Ta ce, “Ubangiji ya yi albarka,” tana kallon bango.

Yaya ya buɗe hannu ya ce, “Kin ji ko?”

Wannan ne abin da na kasa yafewa har yau, ko da na durƙusa na yi addu'a a kai. Ya fi kowa sanin ba za ta iya ba. A wannan kunyar aka raine shi, ya san maganar da ta fito daga bakina tata ce. Tun ina yarinya yake karɓar saƙonta ta hannuna, ko a batun gona ko na aure, bai taɓa cewa ƙarya nake yi ba, sai ranar da saƙon bai yi masa daɗi ba.

Ana gobe tafiya motar ta dawo. Ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Kore shar, ƙofofi na ɗaukar ido, yaran unguwa har da tafi. A ciki an manna sabon kafet ja da gam. Malam da kansa ya kawo ta, ya ja ni gefe ya ce, “Malama, ni dai na fita hakkinku. Ya ce in shafe daɓen da foti, wannan kwaɓin da muke cike lotsawa da shi kafin fenti. Na shafe. Amma foti ba ƙarfe ba ne. Kada a ɗora wa wurin nauyi.” Na tambaye shi katakona, ya ce Yaya ya sa an ba mai ƙosai ta hura wuta.

Na samo wani katakon, na shimfiɗa a kan kafet ɗin. Da safe, Yaya ya fito cikin babbar riga, ya buɗe ƙofa ya gani. Ya zare shi da yatsa biyu ya ce, “Dattawa ne za su buɗe wa Mama ƙofar nan. Ba za su tarar da katakon benci ba. Jefar da shi.” Buhunan masarar da za mu kai baiko tun jiya ya sa aka tura su a akori-kura don kada su karce fenti. Ya karɓi makulli ya ce yau shi zai zauna a kujerar Baba.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na tsaya da katako a hannu, Mama na fitowa da sandarta, an riga an ajiye mata rabin buhun shinkafarta a gaba. Da na zauna a ƙasa na ce ba inda za a je, da an ji kunya ta minti biyar an wuce. Ban yi ba. Na jingine katakon a bango, na shiga baya na zauna ina cika ina batsewa, ina gaya wa kaina ai tafiya ɗaya ce.

A kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar ƙasa bayan Gozaki, inda manyan motocin masara suka yi wa hanya kwari biyu tun damina, na ce, “Yaya, a hankali, nan ba Abuja ba ce.” Ya ce mun makara. Akwai wani gangare kafin rafi inda Baba kan sa giya ɗaya ya lallaɓa. Yaya ya shige shi da gudu. Motar ta yi sama ta dawo, sai na ji wani ɓas. Buhun shinkafa ya nutse, kafet ya bi shi, ƙafar Mama ta dama ta bi kafet.

Kafin ya taka birki mun yi tafiyar da ta kai tsawon ɗaki biyu. Ƙarfe mai tsatsa ya yanke ta daga idon sawu har kusa da gwiwa. Na fito ina ihu, masu babura da ke hanyar coci suka tsaya, aka taru aka lanƙwasa ƙarfen da hannu aka zaro ƙafar. Jini ya jiƙa zanen zumuntar matan coci da ta ɗaura. Ita kuwa ba ƙafar take kallo ba. Ta waiwaya baya inda buhun ya fashe, shinkafar da ta tsince ƙwaya-ƙwaya ta yi farin layi a cikin jar ƙasa. Ta ce, “Auta, shinkahwar.” Daga inda muke ana jin ƙararrawar cocin.

Ba mu isa ba. A motar wani muka kai ta asibiti a Malumfashi, aka ɗinke, aka yi allurai. Ciwon tsoho ba ya saurin warkewa. Wata uku ina wanke ƙafar nan safe da yamma, kuma ko da ta rufe, Mama ba ta ƙara tafiya ba sai an riƙe ta. Yaya ya yi kuka a asibiti, ya sayi magunguna, ya koma Abuja. Aka jawo motar aka ajiye ƙarƙashin bishiyar darbejiya a gidana, tana ƙyalli, da rami a cikinta.

Na rantse ba zan kai ta gareji ba, wanda ya ɓata shi zai gyara. In ya kira waya sai in ce, “Daɓen fa?” ya ce, “Za a yi.” Shi yana jira in huce in yi da kaina, ni ina jira ya zo ya ce ya yi kuskure. Malam ya aiko min sau biyu cewa fallen ƙarfen na nan a jingine, na ce ya jira mai motar. Da kaka ta zagayo Mama ta ce, “Auta, bana za a je kuwa?” Na ce ƙananan motoci ba sa iya hanyar, ƙafarta kuma ba ta babur ba ce, ta bari a gyara jif. Ta ce to. Ta tsince shinkafarta duk da haka, aka ba wani ya kai. Gyaran daɓen nan aikin mako ɗaya ne fa. Mu biyu, manya da furfura, muka bar tsohuwa tana kallon mota ta taga don kowa na ji da kansa.

Mama ta rasu da farkon bazara, da rana tsaka, tana jingine a kafaɗata. Ta riga ta faɗa tun tuni cewa kusa da Baba za a sa ta, kuma ba motar da za ta kai akwati ƙauyen sai jif. Yaya ya iso washegari. Abin da ya fara tambaya shi ne ko daɓen baya zai ɗauki akwati, don in an isa jama'a za su taru a buɗe ƙofar baya, kowa zai ga ciki. Nan take ya sa aka ja motar zuwa wajen Malam.

Na bi su. Malam ya yi min gaisuwa, ya jawo fallen nan da ya nuna mana tun farko, har ƙura ta rufe shi. Ya ce kwana biyu ba za su isa a yi duka ba, amma zai ajiye kowane aiki ya gama bayan. Ya ce, “Gaban kuma, Malama, ko ɗan faci in yi masa kafin ku dawo?”

Na ce, “A'a, Malam. Bar shi yadda yake.” Na sa hannu na ɓamɓare ragowar jan kafet ɗin na yar.

Ranar jana'iza aka cire kujerun baya, aka shigar da akwatin, ya zauna daram a kan sabon ƙarfe. Na miƙa hannu, Yaya ya ba ni makulli. A wajenmu ɗan fari ba ya barin gawa ta tafi ba shi, kuma kujera ɗaya ce ta rage a motar. Ya buɗe ƙofarsa mai ƙyalli, ya tsaya yana kallon ramin, da bakinsa ja mai kaifi, da ƙasar da ake hangowa ta ciki.

Ya ce, “Auta, babu wani katako?”

Na ce, “Kai ka ce a jefar.”

Ya tattara rigarsa ya shiga. Ya ɗage ƙafafu, ya tokare dugadugansa a gefe da gefe. Tun kafin mu fita Funtua na ga gwiwoyinsa sun fara rawa. Ban ƙara gudu ba, ban kuma rage don shi ba. Da muka zo gangaren nan kafin rafi na sa giya ɗaya na lallaɓa, akwatin ko motsi bai yi ba. Yaya yana kallon hanya na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa, hawaye na sauka a kan rigarsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Haka take zama?”

Na ce, “Wata huɗu, kafin in sani.”

Bai sauke ƙafafunsa ba har muka tsaya a ƙofar coci.